Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Abin da Zaɓen 2015 Ya Canja da Abin da Ya Bari Yadda Yake

Da yammacin Talata, 31 ga Maris, 2015, tun hukumar zaɓe ba ta gama karɓar sakamakon dukkan jihohi ba, Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗauki waya ya kira Janar Muhammadu Buhari, ya taya shi murna. Kafin gari ya waye ranar Laraba, shugaban hukumar, Farfesa Attahiru Jega, ya karanta alƙaluman ƙarshe: Buhari na jam'iyyar APC ya sami ƙuri'a 15,424,921, Jonathan na PDP kuma 12,853,162. A Kano da Kaduna da Bauchi da Maiduguri jama'a ba su jira sanarwar ba. Tituna sun cika maƙil da matasa, wasu na ɗaga tsintsiya, wasu na wasa da babura, har aka yi asarar rayuka a haɗurran murna. Wani matashi ma da ƙafa ya tako tun daga Legas har Abuja don cika alwashin da ya ɗauka.

Shekara goma bayan haka, a watan Yulin 2025, Buhari ya rasu a Landan, aka yi masa sutura a Daura. Duk wanda ya leƙa Facebook ko X a waɗannan kwanaki ya ga yadda zukata suka rarrabu. Akwai masu kuka na haƙiƙa, akwai masu lissafo gawawwakin Zamfara da tsadar masara, akwai kuma da yawa da suka haɗa addu'a da ƙorafi a rubutu guda. Ba kaɗan ba daga cikinsu su ne waɗanda suka kwana a rumfunan zaɓe a 2015.

Yaron da yake ɗan shekara shida a wancan lokaci zai cika sha takwas a 2027, ya isa kaɗa ƙuri'a. Labarin 2015 zai iske shi ne ta bakin yayyensa, kuma iri biyu zai ji: wani zai ce masa rana ce da talaka ya nuna ƙarfinsa, wani ya ce rana ce da aka yi wa talaka romon baka. Dukkansu suna da hujja, domin abu biyu aka nema a wannan zaɓe. An nemi a tabbatar da cewa ƙuri'a na iya sauke shugaba mai ci, an kuwa tabbatar. An kuma nemi a sauya yadda ake mulkin ƙasar, wannan kuwa aiki ne da ya fi ƙarfin ƙuri'ar yini ɗaya. Rarrabe waɗannan abubuwa biyu shi ne mabuɗin fahimtar dalilin da ya sa ake tuna zaɓen da alfahari da takaici a lokaci guda.

Me ya sa ake kiransa zaɓen tarihi?

Tun samun 'yancin kai a 1960, ba a taɓa kayar da gwamnatin tarayya mai ci ta hanyar akwatin zaɓe ba. Jamhuriya ta farko ta ƙare da juyin mulkin Janairun 1966, bayan rigingimun zaɓen 1964 da na Jihar Yamma a 1965. Alhaji Shehu Shagari ya sake lashe zaɓe a 1983, amma wata uku da rantsar da shi sojoji suka hamɓarar da shi, wanda suka ɗora kuwa shi ne Buhari. Zaɓen 12 ga Yuni, 1993, soke shi aka yi. Daga 1999 PDP ta riƙe mulki shekara 16 ba yankewa, har wani shugabanta na ƙasa, Vincent Ogbulafor, ya taɓa cika baki cewa sai ta yi shekara 60. Zaɓen 2007 kuwa ya lalace har wanda ya ci gajiyarsa, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya amsa da bakinsa cewa akwai kurakurai a ciki, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyaran tsarin zaɓe.

Shi kansa Buhari sau uku yana tsayawa yana shan kaye: 2003 da 2007 a ANPP, sai 2011 a CPC. Bayan zaɓen 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa 12, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku. Saboda haka abin da ya zauna a zuciyar ɗan Najeriya kafin 2015 shi ne: gwamnati ba ta faɗuwa zaɓe, in kuma aka matsa, jini ne zai kwarara. Shi ya sa makonni kafin zaɓen tashoshin mota suka cika da iyalai, 'yan Kudu na barin Arewa, 'yan Arewa na barin Kudu. Kiran wayar Jonathan ya rushe waɗannan zato biyu a yammaci ɗaya.

Yadda aka kayar da gwamnati mai ci

Fushin jama'a shi ne abin da aka fi tunawa, kuma fushi ne mai dalili. A Fabrairun 2014 an yi wa ɗalibai kisan gilla a makarantar gwamnatin tarayya ta Buni Yadi. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok. A watan Agusta Boko Haram ta ayyana daularta a Gwoza, ta kame Mubi a watan Oktoba, sannan a ranar 28 ga Nuwamba aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano. A shekarar ce kuma aka dakatar da gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, bayan ya yi zargin cewa dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun gwamnati ba.

Sai dai fushi kaɗai ba ya cin zaɓe a Najeriya, saboda yadda tsarin mulki ya gindaya sharaɗi. Bayan rinjayen ƙuri'u, dole ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. A 2011 Buhari ya tara ƙuri'a miliyan 12.2, amma jihohi 12 kacal ya ci, dukkansu a Arewa. Abin da ya sauya lissafin shi ne haɗakar 2013, lokacin da ACN ta su Bola Tinubu, da CPC, da ANPP, da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC. A watan Nuwamban wannan shekara gwamnonin PDP biyar suka sauya sheƙa: Rabi'u Musa Kwankwaso na Kano, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. Atiku Abubakar da Bukola Saraki da kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal su ma suka biyo baya. Da wannan taron dangi Buhari ya ci jihohi 21 a 2015, ciki har da biyar daga cikin shida na Kudu maso Yamma, da Binuwai da Kogi da Kwara.

Abu na biyu shi ne gyaran da aka yi wa hanyar zaɓen. Jega, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i kuma tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ya shigo da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi. Na'urar ta ba da matsala a wurare da dama, har ta ƙi karanta katin Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke, aka kuma ƙara wa'adin zaɓe zuwa washegari a wasu rumfuna. Duk da haka ta taƙaita tsohuwar al'adar rubuta alƙaluman da suka zarce yawan waɗanda suka fito. Abin lura shi ne ƙuri'un Buhari sun ƙaru da kimanin miliyan uku ne kawai tsakanin 2011 da 2015, alhali na Jonathan sun faɗo daga miliyan 22.5 zuwa miliyan 12.9.

Na uku shi ne shingen da aka gina wa rikici tun kafin ya taso. A watan Janairun 2015 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, aka sabunta ta kwana biyu kafin zaɓe a ƙarƙashin kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar. An ɗage zaɓen da mako shida, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, bisa dalilin tsaro, abin da ya sa mutane da yawa suka zaci an ɗauko hanyar 1993. A zauren tattara sakamako kuma tsohon minista Godsday Orubebe ya ƙwace lasifika yana ɗaga murya, yana zargin Jega da son kai. Jega ya saurare shi har ya gama, ya ba shi amsa cikin natsuwa, aka ci gaba da karanta sakamako. Da ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya karkace, da wani labari ake bayarwa yau.

Murnar da ba ta game ƙasa ba

Ko a daren nasarar, ba kowa ne ya kwana da farin ciki ba. Jonathan ya lashe dukkan jihohi 11 na Kudu maso Gabas da Kudu maso Kudu, ya haɗa da Ekiti da Filato da Nasarawa da Taraba da Abuja. A Kano Buhari ya sami ƙuri'a miliyan 1.9, Jonathan bai kai dubu 220 ba. A Ribas Jonathan ya sami kusan miliyan ɗaya da rabi, Buhari bai kai dubu 70 ba. PDP ta yi zargin an bar yara ƙanana sun yi zaɓe a Arewa, APC ta yi watsi da sakamakon Ribas. Taswirar ta nuna ƙasa ce da kowane ɓangare ya zaɓi wanda ya fi aminta da shi, haɗakar 'yan siyasa ce ta karkata ma'aunin.

A cikin waɗanda suka zaɓi Buhari ma akwai masu ɗari-ɗari. Ba su manta da Doka ta 4 ta 1984 ba, wadda aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a ƙarƙashinta, ko Doka ta 2 da ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba. Wole Soyinka, wanda ya daɗe yana sukarsa, ya mara masa baya ne tare da gargaɗi. Buhari ya amsa wannan fargaba a jawabinsa na Chatham House a Landan, inda ya bayyana kansa a matsayin tsohon soja da ya rungumi dimokuraɗiyya, sannan ranar rantsuwa ya ce shi na kowa ne, kuma ba na kowa ba ne. Amma a watan Yulin 2015, a Amurka, ya ce ba zai yiwu a yi wa mazaɓun da suka ba shi kashi 97 daidai da waɗanda suka ba shi kashi 5 ba. A Kudu maso Gabas wannan magana ta fi jawabin rantsuwar zama a rai, kuma a watannin da suka biyo baya ne fafutukar Biyafara ta sake samun ƙarfi.

Alkawari uku a kan ma'auni

Tsaro, tattalin arziki da yaƙi da cin hanci su ne ginshiƙan yaƙin neman zaɓen. Adalci shi ne a auna kowanne da abin da aka samu da abin da aka rasa.

Ta fuskar tsaro, mutumin Maiduguri da na Kano sun ga sauƙi na zahiri. Bama-bamai a kasuwanni da tashoshi da masallatai sun ragu ƙwarai, an buɗe hanyoyin da suka daɗe a rufe, an sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da wasu 82 a 2017. Amma wutar ta sauya gida ne. An sace 'yan mata 110 a Dapchi a 2018, ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, a jihar shugaban ƙasa kuma yana Daura a lokacin, sai 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja suka koma biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su yi noma. Ranar 28 ga Maris, 2022, shekara bakwai cif da ranar zaɓen, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Akwai kuma abin da jami'an gwamnati suka aikata da hannunsu: kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa kan rikicin Zariya na Disambar 2015 ya tabbatar da binne mutum 347 a kabari guda.

Ta fuskar tattalin arziki, gwamnatin ta shigo a mummunan lokaci. Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Wannan ba laifin kowa ba ne a Abuja. Amma sai ranar 11 ga Nuwamba, 2015, aka rantsar da ministoci, kusan wata shida ƙasa na jira. A Mayun 2016 litar fetur ta tashi daga naira 86.50 zuwa 145, a shekarar kuma tattalin arziki ya karye a karon farko cikin kimanin shekara 25, ya sake karyewa a 2020 lokacin annobar korona. An rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, abin da garuruwan kan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari suka ji a jikinsu. Dala da take kusan naira 197 a hukumance a 2015 ta kai kimanin 460 a Mayun 2023, hauhawar farashi ta tashi daga kashi 9 zuwa sama da kashi 22. Bashin tarayya da jihohi ya tashi daga kimanin naira tiriliyan 12 zuwa tiriliyan 46 a ƙarshen 2022, ban da fiye da tiriliyan 22 da aka ranta daga Babban Banki. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da dama, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. A ɗaya hannun kuma akwai layin dogo na Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu a kan Kogin Neja, da shirin N-Power, da bunƙasar noman shinkafa a Kebbi da Jigawa, da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 da ta shafe shekaru tana kai da komowa a majalisa.

Ta fuskar cin hanci, an tilasta wa ma'aikatu amfani da asusun bai-ɗaya, an buɗe shari'ar dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai, an ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye da Jolly Nyame, a 2018. Sai dai an tsare Sambo Dasuki shekara huɗu duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi, kuma a Afrilun 2022 gwamnatin da ta ɗaure Dariye da Nyame ita ce ta yi musu afuwa. Har ya sauka, yawancin magoya bayan Buhari ba su daina gaskata cewa shi bai taɓa dukiyar jama'a ba. Abin da suka daina gaskatawa shi ne tsarkin mutum ɗaya zai wadatar wa gwamnati baki ɗaya.

Ina aka yi tuntuɓe?

Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba. Abin da aka hango a 2015 gaskiya ne, amma an ɗauka an iso alhali tafiyar ce ta fara. Tuntuɓen farko shi ne an ɗora buri kacokan a wuyan mutum guda. Taken da aka fi ji shi ne "Sai Baba" da "Sai Mai Gaskiya", kalmar "canji" kuwa kowa ya zuba mata ma'anar da yake so. Ga ɗan gudun hijira, canji shi ne komawa gida. Ga mai digiri, aiki. Ga ɗan kasuwa, dala mai araha. Ga ɗan siyasar da ya bar PDP, kujera. Ba a zauna an tambayi ɗan takarar da wane tsari zai haɗa waɗannan buƙatu ba, kuma bai halarci muhawarar 'yan takara ba, magoya baya ba su ga aibin hakan ba.

Na biyu, tsintsiyar da ta share PDP da tsinken PDP aka ɗaure ta. Haɗakar ta dace da cin zaɓe, amma babu wata aƙida da ta haɗa mambobinta in ban da kayar da Jonathan. Kwana 11 da rantsar da Buhari, ranar 9 ga Yuni, 2015, Saraki ya zama shugaban Majalisar Dattawa ba da son jam'iyyarsa ba, Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimakinsa. A Oktoban 2016 uwargidan shugaban ƙasa, A'isha Buhari, ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan tsiraru sun mamaye gwamnatin. Kafin ƙarshen 2018 Atiku da Saraki da Tambuwal da Kwankwaso duk sun koma inda suka fito.

Na uku shi ne zaɓen "sak", wato a dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Guguwar ta kwaso gwamnoni da 'yan majalisa da yawa da masu zaɓe ba su tantance su ba, wasu ma ba a san fuskokinsu ba. Alhali makarantar firamare da asibitin unguwa da rijiyar burtsatse da albashin malamai, wato abubuwan da talaka ke taɓawa kullum, suna hannun jiha da ƙaramar hukuma ne. Ido ya tafi fadar shugaban ƙasa, aka bar kasafin jiha babu mai dubawa.

Na huɗu, kuma mafi nauyi: a Arewa an haddace darasin "a kasa, a tsare, a raka", wato a tsaya a ƙirga ƙuri'u a gaban kowa, a tsare su, a raka su har inda ake tattara sakamako. An yi hakan da gaske, mata da tsofaffi sun yini a rana, matasa sun kwana da fitilar waya. Amma rakiyar ta tsaya a ƙofar hukumar zaɓe. Da aka rantsar da gwamnati, da yawa daga cikin masu tsare ƙuri'a suka koma masu kare gwamnati, duk wanda ya yi ƙorafi a ce masa maƙiyin canji ne. Shekarun farko, lokacin da matsin lamba daga masoya zai fi yin tasiri, a shiru da uzuri suka wuce.

Abin da alƙaluman fitowa ke faɗa

Farashin wannan takaici ya bayyana a rumfunan zaɓe. A 2015 kimanin kashi 44 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. A 2019 suka koma kimanin kashi 35, a 2023 kuma kashi 27, mafi ƙaranci tun 1999. Cikin mutum fiye da miliyan 93 da ke da rajista, ƙuri'a miliyan 8.8 ce ta kai Bola Tinubu kan mulki. Na'urorin tantancewa sun rage alƙaluman bogi, ƙarancin takardun naira ya hana wasu tafiya mazaɓunsu a 2023, amma wannan bai isa ya bayyana gibin duka ba. Mutane da yawa sun yanke shawarar cewa duk kanwar ja ce.

Haɗarin bai tsaya a zaman gida ba. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 an ga matasa a Kano da Kaduna ɗauke da tutar Rasha, wasu na kiran sojoji su karɓi mulki. Suna kallon maƙwabciya Nijar, inda a 2021 zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki a karon farko, sannan a Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, jama'a suka fito murna a Yamai. Tarihin Buhari kansa ya isa jan kunne a nan. An yi murna da zuwansa a ƙarshen 1983, an yi murna da tafiyarsa wata 20 bayan haka, an sake yin murna da dawowarsa a 2015. Neman mai ceto, ko da kaki ko da babbar riga, shi ne ciwon da ke maimaita kansa. Bambancin kawai shi ne wanda ya zo da ƙuri'a ana iya sauke shi da ƙuri'a.

Abin da ya rage a hannu

Wannan ikon saukewa bai ɓace ba. A 2019 gwamnonin Bauchi da Adamawa masu ci sun sha kaye. A 2023 gwamnan Zamfara ya faɗi, gwamnoni da dama sun nemi kujerar Majalisar Dattawa sun rasa, Tinubu ya rasa Legas a hannun Peter Obi, APC ta rasa Katsina da Kano a zaɓen shugaban ƙasa. 

Akwai kuma gyare-gyaren da aka samu saboda an ci gaba da rakiya bayan zaɓe. Kotun Ƙoli ta yanke a 2016 cewa na'urar tantance kati ba ta da gurbi a dokar zaɓe, Buhari kuma ya ƙi sa hannu a gyaran dokar har sau huɗu a 2018. Ƙungiyoyin farar hula ba su gaji ba, sai da aka sa hannu a Dokar Zaɓe ta 2022 wadda ta ba na'urar tantancewa ƙarfin doka. Haka nan matasa ne suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya har aka rage shekarun takara a Mayun 2018: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, Majalisar Wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Ba wanda ya yi musu kyautar wannan. Amma ƙofar da doka ta buɗe, kuɗi ya tura ta. Takardar neman takarar shugaban ƙasa da Buhari ya saya naira miliyan 27.5 a 2014, yana cewa rance ya ci, ta koma miliyan 100 a APC a 2022. Tun a zaɓen fid da gwani ake yanke wa mai ƙuri'a iyakar zaɓinsa, kuma can ne matasa suka fi ƙaranci.

Wa'adin shugaba kwana 1,461 ne, zaɓe kuwa yini ɗaya. Sauran kwanakin suna da nasu kayan aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, a ba shi amsa cikin kwana bakwai. Sashe na 69 na tsarin mulki ya tanadi yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma aiwatar da shi na buƙatar masu bibiya a kowace ƙaramar hukuma. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da daɗin ihun daren nasara, kuma babu mawaƙin da zai yi musu waƙa.

Wanda ya yi kukan murna a 2015 bai yi wauta ba, domin abin da ya gani bai taɓa faruwa ba a ƙasarsa. Wanda ya yi kukan takaici daga baya shi ma bai yi butulci ba, domin alƙaluman suna tare da shi. Idan sabon mai ƙuri'a ya tambayi yayansa ko zaɓe na da amfani, amsar gaskiya ita ce ya taɓa sauke shugaban ƙasa mai ci, da sojoji da 'yan sanda da baitulmali a hannunsa, ba tare da an harba bindiga a fadar gwamnati ba. Sai kuma ya gaya masa sauran labarin: ranar da aka gama ƙirga, su da suka raka ƙuri'ar sun juya sun koma gida.